Wayar Wane Ce? Kulle Wayoyin Hannu da Kuɗin Sauya Su: Darasi Daga Cinikin iPhone a Amurka



Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa idan mutum ya shiga kasuwa ya taya kaya, aka sallama masa, ya ƙirga kuɗi ya biya, to kayan nan sun zama mallakarsa. In ya ga dama ya yi amfani da su, in ya ga dama ya sayar ko ya kyautar. Wannan lacca za ta duba wani irin ciniki ne da ya saɓa wa wannan ƙa'ida, watau cinikin babbar wayar hannu wadda aka kulle ta ga kamfanin sadarwa guda ɗaya, ta yadda mai ita ba shi da ikon sa mata layin wani kamfani. Misalin da za a ɗauka shi ne na wayar iPhone a ƙasar Amurka tsakanin shekarar 2007 da ta 2011, domin a nan ne aka fi ganin al'amarin a fili, farashinsa da shari'o'insa duk a rubuce suke. Daga nan sai a duba abin da ya shafi masu saye da masu tsara doka a Nijeriya.

Asalin Al'amarin

Jayayya a kan abin da mutum zai iya haɗawa da layin tarho ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A farkon rabin ƙarni na 20, kamfanin AT&T shi ne ke riƙe da galibin layukan tarho na Amurka, kuma tarhon da ke cikin ɗakin mutum ma na kamfanin ne, haya ake ba da shi. Haramun ne a maƙala masa wani abu wanda ba kamfanin ya ƙera ba. Har wani ɗan ƙoƙo da ake sawa a bakin tarho don kada na kusa ya ji abin da ake faɗa, mai suna Hush-A-Phone, sai da aka kai ga kotun ɗaukaka ƙara a 1956 kafin a halatta shi.

Babban hukuncin kuwa ya zo ne a 1968. Wani mutumin Jihar Teksas, Thomas Carter, ya ƙera na'ura mai haɗa rediyon oba-oba da layin tarho, aka kira ta Carterfone. Hukumar Sadarwa ta Amurka, watau FCC, ta yanke cewa kowa yana da ikon haɗa na'urar da ya so da layin tarho muddin ba za ta cutar da layin ba. Wannan hukunci shi ya buɗe ƙofa ga na'urar ɗaukar saƙo, da injin fakis, da na'urar da ta fara haɗa kwamfutocin gidaje da intanet. Sai dai da wayar hannu ta zo, ba a shimfiɗa mata wannan ƙa'ida ba. Kamfanonin layi suka zama su ne manyan dillalan waya, su ke zaɓen wadda za a sayar, su ke yanka mata farashi.

Yadda Kullin Yake Aiki

Kowane katin sim yana ɗauke da lamba wadda farkonta ke nuna ƙasa, abin da ke biye kuma ya nuna kamfani. Alal misali, lambar Nijeriya ita ce 621, ta Jamhuriyar Nijar kuwa 614. Idan aka kunna wayar da aka kulle, sai ta karanta waɗannan lambobi, in ba su dace da waɗanda aka rubuta mata ba sai ta ƙi karɓar layin. Ƙarfen wayar lafiyarsa lau, umarni ne kawai aka dasa mata. A yawancin wayoyin da, akan buɗe kullin da wasu lambobin sirri da kamfani ke bayarwa. A wayar iPhone kuwa mabuɗin yana can cikin manyan kwamfutocin kamfanin Apple, inda aka ajiye lambar kowace waya, watau lambar IMEI mai alƙaluma 15, tare da bayanin layin da aka yarda ta karɓa. Ba a sauya wannan bayani sai kamfanin layin da ya sayar da wayar ya ba da izini.

Akwai kuma wani kulli na biyu wanda fasaha ce ta kawo shi. A wancan lokaci manyan kamfanonin Amurka huɗu sun kasu gida biyu. AT&T da T-Mobile suna amfani da tsarin GSM mai katin sim, Verizon da Sprint kuwa suna amfani da tsarin CDMA. Wayar wani gida ba ta aiki a ɗaya gidan. Saboda haka ko an buɗe iPhone, ba ta da wurin zuwa a cikin manyan nan sai T-Mobile, can ɗin ma ba ta samun saurin 3G, domin zangon da kamfanin ke watsa shi a kai bai dace da wayar ba.

Yarjejeniyar Apple da AT&T

A ranar 9 ga Janairu, 2007, Steve Jobs ya nuna wa duniya iPhone a birnin San Faransisko, ya kuma sanar cewa kamfanin Cingular ne kaɗai zai ɗauke ta a Amurka. Kafin wayar ta fito, an sauya wa Cingular suna zuwa AT&T. Aka fara sayarwa ranar 29 ga Yuni, ƙarama a kan dala 499, babba a kan dala 599, da sharaɗin mai saye ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyu, mafi ƙarancin kuɗin wata kuwa kimanin dala 60. Daɗin daɗawa, Apple na karɓar wani kaso daga kuɗin watan da mai wayar ke biyan AT&T. Wannan ya nuna dalilin da ya sa Apple ma ya damu da kullin, domin duk wayar da ta tsere zuwa wani layi, kason nan ya salwanta.

Ba a yi wata biyu ba sai wani saurayi ɗan shekara 17 daga Jihar New Jersey, George Hotz, ya kwance wayar ya buɗe ta, ya sa mata layin T-Mobile. Wasu suka biyo baya da manhajojin buɗewa. A ƙarshen watan Satumba, Apple ya yi gargaɗi, sa'an nan ya fitar da sabuwar manhaja wadda ta sa wayoyi da dama da aka buɗe suka daina aiki. A farkon wannan wata kuma kamfanin ya zaftare dala 200 daga farashin babbar wayar, ta koma dala 399. Waɗanda suka yi layi suka saya da tsada suka yi ca a kansa, har ya ba su takardar sayayya ta dala 100 don ya lallashe su.

Wani abin lura shi ne bambancin wa'adi. Mai saye ya sa hannu a kan shekara biyu, amma takardun wata ƙara da masu saye suka shigar a Kalifoniya sun nuna cewa yarjejeniyar farko tsakanin kamfanonin biyu ta shekara biyar ce. Ma'anar wannan kuwa, mutum zai cika alkawarinsa tsaf, ya gama biyan duk abin da ake binsa, amma wayarsa na nan a kulle, ba ta da amfani sai a layin da ya fara da shi.

Lissafin Araha

A watan Yuli na 2008 aka fito da iPhone 3G, aka kuma sauya tsarin ciniki. AT&T ya daina ba Apple kaso a kowane wata, ya koma sayen wayar da tsada yana sayar wa jama'a da rangwame. Aka yi ta shelar cewa waya ta koma rabin kuɗi, dala 199. To, Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin data ya tashi daga dala 20 zuwa dala 30 a wata. Saƙonnin tes guda 200 da ake bayarwa a cikin tsohon tsari aka cire su, mai so sai ya ƙara dala 5.

Ga yadda lissafin yake. Mai tsohuwar waya ya biya dala 399, da dala 60 sau wata 24, watau dala 1,440, jimla dala 1,839. Mai sabuwar waya ya biya dala 199, da dala 75 sau wata 24, watau dala 1,800, jimla dala 1,999. Wanda aka ce an rage wa dala 200 ya ƙare da biyan ƙarin dala 160. Gaskiya ne sabuwar wayar ta fi sauri, tana kuma da na'urar nuna wuri, saboda haka ba za a ce an cuce shi ƙiri-ƙiri ba. Abin da lissafin ke nunawa shi ne kuɗin da aka rubuta a jikin wayar bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da zai fita daga aljihunsa ba.

Rangwamen nan, in aka duba shi da kyau, bashi ne. Farashin wayar ba tare da yarjejeniya ba dala 599 ne, watau kamfani ya ranta wa mai saye kimanin dala 400, zai kuma karɓe su a cikin kuɗin wata, wajen dala 17 kowane wata. Ya yi kama da manomin da ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa da damina a kan cewa idan kaka ta yi shi kaɗai zai sayar wa amfaninsa. Kullin waya shi ne jinginar wannan bashi. Bayan jingina kuma ga tara: wanda ya fasa yarjejeniya zai biya dala 175, daga watan Yuni na 2010 kuwa aka ɗaga ta zuwa dala 325 ga masu babbar waya, tana raguwa da dala 10 a kowane wata.

Kuɗin Sauya Waya

Matsalar ta fito sarari ne a watan Yuni na 2009 lokacin da aka kawo iPhone 3GS. Apple na fito da sabuwar waya kowace shekara, yarjejeniya kuwa ta shekara biyu ce. AT&T ya sanya farashi hawa uku. Sabon abokin ciniki, da tsohon da wa'adinsa ya yi, dala 199 ko 299. Wanda bai kai wa'adi ba amma yana son sauyawa, dala 399 ko 499, kuma ya sake sa hannu a kan wasu shekaru biyu. Wanda ba ya son ɗaure kansa, dala 599 ko 699, wayar kuma duk da haka a kulle take. A kan wannan akwai dala 18 na ladan sauyawa.

Waɗanda suka sayi waya a Yulin 2008 suka ga cewa baƙon da ya shigo jiya ya fi su samun sauƙi, alhali kuwa su ne suka shekara suna biya. Suka yi ta koke, har kamfanin ya sassauta, ya ce waɗanda wa'adinsu zai cika a Yuli ko Agusta ko Satumba na wannan shekara su ma a ba su farashin ƙasa. Hujjar kamfanin kuwa tana da ƙarfi: mutumin da ya yi wata 11 bai biya ko rabin bashin dala 400 ba, ƙarin dala 200 da aka ɗora masa kusan shi ne ragowar abin da ake binsa.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne bayan wata 24. A lokacin bashi ya ƙare, amma kuɗin wata ba ya raguwa ko da sisi. Mai haƙuri da tsohuwar wayarsa sai ya ci gaba da biyan bashin da ya riga ya biya. Hanya ɗaya da zai amfana ita ce ya karɓi sabuwar waya, ya sake ɗaure kansa. Ta haka ne tsarin ya riƙa tura jama'a su sauya waya duk bayan shekara biyu, ko da ta hannunsu ba abin da ya same ta. Masanin tattalin arziki Paul Klemperer ya yi rubutu tun 1987 a kan kasuwannin da barin mai kaya ɗaya zuwa wani ke da tsada. Ya nuna cewa a irin waɗannan kasuwanni kamfanoni kan yi gasa mai zafi wajen jawo sabon mai saye, sa'an nan su more shi bayan ya shigo. A watan Yuni na 2010 AT&T ya daina ba sababbin masu saye data marar iyaka, ya koma dala 15 ko dala 25 gwargwadon awo, mai son iPhone kuwa ba shi da wani wurin zuwa.

Adalci ya wajabta a ambaci sauran hujjojin kamfanoni. Na farko, in babu kulli, 'yan kasuwa za su kwashe wayoyin rangwame su kai ƙasashen waje su sayar, kuma lalle an yi hakan da iPhone ta farko. Na biyu, rangwame ya sa wayar ta shiga hannun mutanen da ba za su iya ajiye dala 600 a lokaci ɗaya ba. Na uku, alkawarin keɓewa shi ya sa kamfanin layi ya yarda ya sakar wa Apple ragamar tsara wayar, abin da ba a saba yi ba a lokacin.

Yadda Turai Ta Yi

A watan Nuwamba na 2007 aka kai wayar Turai bisa wannan tsari: O2 a Ingila, T-Mobile a Jamus, Orange a Faransa. A Jamus kamfanin Vodafone ya kai ƙara kotun Hambug, aka tilasta wa T-Mobile ya sayar da buɗaɗɗiyar waya. Sai ya sa mata yuro 999, alhali kullalliya yuro 399 take, kafin kotun ta janye umarnin a watan Disamba. A Faransa, kamfanin Bouygues ya kai kuka majalisar kula da gasar kasuwanci, ita kuma a Disambar 2008 ta dakatar da keɓewar da aka yi wa Orange. A Ingila keɓewar O2 ta ƙare a ƙarshen 2009. A Amurka kuwa sai a Fabrairun 2011 Verizon ya fara sayar da iPhone, Sprint ya biyo baya a Oktoba, T-Mobile a 2013. AT&T bai fara buɗe wa waɗanda suka gama yarjejeniya wayoyinsu ba sai a Afrilun 2012.

Hukuncin Doka

Abin mamaki, dokar da ta shafi buɗe waya a Amurka dokar haƙƙin mallakar rubutu ce ta 1998, wadda ta hana karya makullin da aka sa wa manhaja. Dokar ta ba Shugaban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki ikon keɓe wasu ayyuka duk bayan shekara uku. An keɓe buɗe waya a 2006, aka sabunta a 2010, amma a 2012 aka ƙi sabuntawa ga sababbin wayoyi. Daga ranar 26 ga Janairu, 2013, wanda ya buɗe sabuwar wayarsa ba da izinin kamfani ba ya taka doka. Mutane fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke zuwa Fadar Shugaban Ƙasa, Majalisa ta yi sabuwar doka, Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu ranar 1 ga Agusta, 2014. Dokar ta halatta wa mutum ya buɗe wayarsa, amma ba ta hana kamfani kullewa ba. Kanada ta wuce nan, ta hana sayar da kullalliyar waya da karɓar kuɗin buɗewa daga 1 ga Disamba, 2017. Hukumar Ofcom ta Ingila ta yi irin wannan hani daga Disambar 2021.

Ita yarjejeniyar shekara biyu gasa ce ta kashe ta. T-Mobile ya yi watsi da ita a 2013, ya raba kuɗin waya da kuɗin layi, AT&T ya bi sahu gaba ɗaya a farkon 2016. Aka koma sayar da waya bisa biya kaɗan-kaɗan cikin wata 24 ko 36, ana zaftare rangwamen wata-wata, wanda ya tafi kafin lokaci ya rasa ragowar rangwamen, ya kuma biya sauran kuɗin wayar nan take. Igiyar dai tana nan, launinta ne aka sauya, sai dai yanzu mai saye yana iya ganin nawa ne kuɗin waya, nawa ne kuɗin layi.

Abin da Ya Shafi Nijeriya

Tun da aka fara GSM a Nijeriya a watan Agusta na 2001, kasuwar ta ɗauki wata hanya dabam. Mutum kan sayi wayarsa a kasuwa, ya sayi layinsa daban, ya sa kati gwargwadon ƙarfinsa. Waya mai layi biyu ta zama ruwan dare, sa'an nan a Afrilun 2013 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta ba da damar sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba. Duk da haka an ɗanɗana ɗacin kulli. Kamfanonin CDMA irin su Starcomms da Multi-Links sun sayar da wayoyi masu aiki a layinsu kaɗai, da suka durƙushe sai wayoyin suka zama kayan ajiya.

Hanya ta biyu ita ce wayoyin hannu da ake shigowa da su daga Amurka da Turai, waɗanda suka cika kasuwar Computer Village a Ikeja da ta Farm Centre a Kano. A cikinsu akwai waɗanda ba a buɗe ba, wasu ma masu su na farko ba su gama biyan bashinsu ba. Akan sa musu wani siririn faifai a ƙarƙashin sim don a yaudari wayar, ta yi aiki na ɗan lokaci, ranar da aka sabunta manhaja ko aka sauya layi sai ta koma gidan jiya. Tun daga iPhone 14 ta 2022 kuma, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sim sam. Sayen irin wannan waya ba tare da bincike ba cinikin biri ne a sama. Mai saye yana iya danna *#06# ya ga lambar IMEI, ya duba sashen bayanin waya inda ake nuna ko tana da kulli, ya kuma sa layinsa ya yi kira kafin ya biya.

Hanya ta uku sabuwa ce, watau sayar da waya bashi tare da manhajar da ke rufe ta idan ranar biya ta wuce. Manufar ɗaya ce da ta AT&T, wato waya ta zama jinginar kanta, tambayoyin da suka taso a can kuma za su taso a nan.

Kammalawa

Darussa uku ne suka fito daga wannan tarihi. Ga mai saye, da jami'in da aka ɗora wa sayo wayoyi ko na'urorin intanet don ma'aikatarsa, farashin gaskiya shi ne kuɗin farko, da kuɗin wata har ƙarshen wa'adi, da tarar fasawa, da darajar kayan ranar da za a rabu da kamfanin. Ga masu tsara doka a NCC da Hukumar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, tarihin ya nuna cewa kulli yana da hujja muddin akwai bashi, da zarar an gama biya kuwa hujjar ta faɗi, ya kamata a wajabta buɗewa nan take, kyauta, ba sai mai waya ya roƙa ba, a kuma rubuta kuɗin waya daban da kuɗin layi. Ga ɗaliban shari'a da na tattalin arziki kuwa, akwai aiki a gaba, domin yanzu motoci da injinan noma da kayan asibiti duk manhaja ke tafiyar da su, mai ƙera su kuma yana iya riƙe mabuɗin bayan ya karɓi kuɗinsa. Tambayar da aka amsa wa Thomas Carter a 1968 za ta sake zuwa gaban kotuna da majalisun Nijeriya, ya kamata a same su da shiri.